Ƙididdiga ga ɗaliban likitanci: a zaunar da su rukuni-rukuni ko a tura musu ta waya?

Malamin Fostin:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga mu a harkar koyarwa. Bana ma za mu kai ɗaliban likitanci fostin ɗin karkara a wani ƙaramin asibiti a Jigawa, kuma ni aka ɗora wa darasin ƙididdiga. A sashenmu kai ya rabu biyu. Wasu sun ce a naɗi lakcocin a bidiyo, kowa ya kalla a wayarsa, ya amsa tambayoyi ta intanet, an huta. Wasu sun ce a'a, a raba su rukuni-rukuni su riƙa warware matsala tare a gaban malami. Abin da ke damuna shi ne yaran nan suna cin jarrabawar ƙididdiga lafiya lau, amma da an zo furojek sai ka ga kowa ya rubuta mutum 384 zai yi wa tambayoyi. Ka ce masa daga ina 384 ta fito, ya tsaya yana kallonka. Wace hanya ce za ta yi maganin wannan?

Ɗan Bichi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ba zan ɓoye ba, ɓangaren bidiyo nake. Ƙididdiga ba irin karatun da ake ji sau ɗaya a gane ba ne. A aji malami zai faɗi abu ya wuce, kana jin nauyin ka ce ya maimaita, daga nan ka ɓace har ƙarshen lakca. A bidiyo kuwa sai ka tsayar, ka dawo baya, ka sake ji har ya zauna. Ni SPSS da Epi Info, manhajojin lissafin ƙididdiga, duk a YouTube na iya su, wayata a gefe, kwamfuta a gabana, mutumin yana dannawa ina dannawa. Kuma mu tuna 2020. An rufe makarantu a watan Maris saboda korona, yajin aikin ASUU ya haɗu da shi har Disamba. A 2022 aka sake yin wata takwas. Wanda karatunsa ya dogara da sai an taru a ɗaki ɗaya, tsayawa ya yi cak.

Bahaɗejiya:
Dakta, da girmamawa, ina ajin ƙarshe kuma mun yi irin wannan fostin ɗin, bari in faɗi yadda abin yake a ƙasa. A garin da aka kai mu sabis ba ya shiga ɗakunan kwana. Sai ka fita bakin titi wajen mai shayi, ka ɗaga waya sama. Mazan suna iya zama a can har dare, mu mata ba mu da wannan damar bayan magariba. Ranar da aka yi mana lakca ta Zoom muryar malami tana zuwa tana yankewa, rabinmu sun rufe kyamara sun tafi wanki. Tambayoyin intanet kuwa, mutum ɗaya ne zai amsa, ya ɗauki hoton amsoshin ya jefa a WhatsApp, kowa ya kwafa. Duk muka ci maki mai kyau.

Amma kar masu son rukuni su yi murna tukuna. Aikin rukunin da na sani shi ne a ba mutum goma aiki, ɗaya ya kwana yana yi, tara su zo da safe su ce a sa sunansu. Duka biyun na gani, kuma ban fito da komai daga ko ɗaya ba.

Ɗan Bichi:
Ƙanwata, ai ba Zoom nake nufi ba. A sauke bidiyon tun a Kano ko Dutse kafin a tafi, a tura wa juna ta Xender. Ba data, ba sabis. Caji kawai, kuma wasu asibitocin nan yanzu akwai sola.

Baba Likita:
Allah ya yi muku albarka duka. 'Yata Bahaɗejiya, abin da kika kwatanta ba shi ne karatun rukuni da ake magana ba, wancan malami ne ya sauke wa kansa nauyi. Tsarin na gaskiya yana da ƙa'idojinsa. Wani malami ne mai suna Larry Michaelsen ya fito da shi a Jami'ar Oklahoma ta Amurka a ƙarshen shekarun 1970, kuma ba ma likitanci yake koyarwa ba, fannin kasuwanci ne. Ajinsa ne ya ƙaru daga mutum 40 zuwa kusan 120, ya rasa yadda zai ci gaba da tattaunawa da su. Daga baya makarantun likitanci suka ɗauka, har makarantar Duke-NUS ta Singafo ta gina yawancin karatunta na farko a kansa.

Ga yadda yake tafiya. Malami ne ke raba rukunin, ba a barin abokai su zaɓi juna, mutum biyar zuwa bakwai, kuma ba a canza su har a gama kwas. Kafin a zo aji kowa ya karanta abin da aka ba shi. Da an zauna, kowa zai amsa gajeriyar jarrabawa shi kaɗai, a karɓe takardarsa. Sannan a ba rukuni waɗannan tambayoyin dai, su yi gardama har su tsaya a kan amsa ɗaya, a gaya musu nan take ko sun dace. In sun ga malami ne bai yi daidai ba, suna da damar ɗaukaka ƙara a rubuce da hujja daga littafi. Malami ba zai yi lakca ba sai a kan wurin da ya ga sun yi tuntuɓe. Sauran lokacin, wanda shi ne mafi yawa, matsala ɗaya ake ba dukkan rukunonin, kowane rukuni ya zaɓi amsa takamaimai, a ɗaga amsoshin lokaci guda.

To kin ga wanda bai yi karatu ba, takardarsa ta farko ta riga ta tona shi kafin ya samu bayan da zai ɓuya.

Ɗan Bichi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ka ce kafin a zo aji kowa ya karanta. To wannan karatun ai shi ne bidiyon nawa.

Baba Likita:
Shi ne mana, ban musa ba. Inda muka rabu da kai shi ne kai kana ganin da bidiyon an gama, ni kuma ina ganin ba a ma fara ba. Bari in gwada ku da tambaya, kowa ya amsa ba tare da ya duba ko'ina ba. Cuta ce da ke kama mutum 1 cikin 1000. Akwai gwajinta, yana kama duk mai ita, amma cikin masu lafiya 100 yana yi wa 5 ƙarya ya ce suna da ita. An gwada mutum, ba ka san komai game da alamominsa ba, gwaji ya nuna yana da ita. Kashi nawa cikin ɗari ne yiwuwar da gaske yana ɗauke da cutar?

Anti Nas ta Gwaram:
Kashi 95.

Bahaɗejiya:
Ni ma 95 na fara cewa, amma tunda Baba ne ya tambaya na san da wata a ƙasa.

Na Sumaila:
Ni ba likita ba ne, ma'aikacin rajista ne, amma bari in ƙirga da mutane. Mutum 1000. Ɗaya ne mai cutar, gwaji ya kama shi. Sauran 999 lafiyarsu ƙalau, gwaji zai yi wa kusan 50 ƙarya. Ke nan mutum 51 aka ce suna da ita, ɗaya ne na gaskiya. Wajen kashi 2 ke nan. Ko na ɓata?

Baba Likita:
Ba ka ɓata ba, ɗana. Kashi 2 ne. Anti Nas kar ki ji komai, kina cikin manya. A 1978 an yi wa mutum 60 wannan tambayar a asibitocin koyarwa na Harvard, ɗalibai da likitoci, aka buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine. Mutum 11 kawai suka dace, kusan rabi 95 suka ce. Ba rashin littafi ne ya kayar da su ba, kuma da bidiyo za a ba su, da sun kalla sun gyaɗa kai. Matsalar ƙididdiga ita ce mai kuskure ba ya jin yana kuskure. Wanda bai san sunan jijiya ba ya san bai sani ba. Wanda ya ce 95 kuwa hankalinsa kwance yake. Ba abin da zai girgiza shi sai na kusa da shi ya ce 2, su kama musu, a tilasta masa ya faɗi yadda ya yi lissafinsa da bakinsa. Abin da ya faru yanzu a nan ke nan, kuma wanda ya warware ta ko dabarar Bayes, wadda littafi ke koyarwa don irin wannan lissafin, bai ambata ba, mutane ya ƙirga.

Anti Nas ta Gwaram:
Baba ka kama ni, na yarda. Amma cutar 1 cikin 1000 ta yi mana nisa. A kawo ta gida.

Malamin Fostin:
Anti ga ta gida. Gwajin maleriya na tsinke da ake yi a kowane ƙaramin asibiti. Mu ƙaddara, don misali kawai, cikin masu maleriya 10 yana kama 9, cikin marasa ita 10 kuma yana yi wa 1 ƙarya. A watan Satumba yara 100 sun zo da zazzaɓi, mu ce 60 maleriya ce. Gwaji zai kama 54, ya yi wa 4 daga cikin sauran 40 ƙarya. Layi biyu ya fito wa yara 58, 54 na gaskiya, sama da kashi 90. A watan Afrilu kuma yara 100 masu zazzaɓi, mu ce 10 ne masu maleriya. Zai kama 9, ya yi wa 9 daga cikin 90 ƙarya. Layi biyu 18, rabi ne kawai na gaskiya. Tsinke ɗaya, kamfani ɗaya, amma ma'anar layi biyun ta canza da yanayi. Ga kuma abin da aka sani, irin gwajin da ke neman sinadarin HRP2 na ƙwayar maleriya yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan yaro ya warke. Likitan da bai riƙe wannan ba zai rubuta maganin maleriya a tsakiyar bazara ya sallami yaro, alhali lokacin sanƙarau ne da ƙyanda.

Ɗan Bichi:
Misalin ya yi kyau, kuma zan iya saka shi a bidiyo na minti biyar da zane mai launi, ya fi allo fitowa. Tunda ana kawo bincike, ni ma ga nawa. A 2008 mujallar JAMA ta buga nazarin David Cook da abokan aikinsa, sun tattara bincike wajen 200 kan koyar da ma'aikatan lafiya ta intanet. Abin da suka gano shi ne in aka kwatanta da hanyoyin gargajiya, sakamakon kusan ɗaya ne. To in kusan ɗaya ne, me ya sa za mu zaɓi mai wahalar? Karatun rukuni yana son malamin da ya iya rubuta tambaya mai kyau, ya iya riƙe aji ba tare da ya ƙwace maganar ba. Malaman ƙididdiga nawa gare mu? A wasu sassan mutum ɗaya ne ke ɗauke da ɗaliban likitanci da na nas da masu digiri na biyu. Bidiyo sau ɗaya za a yi shi.

Baba Likita:
Ka yi gaskiya a kan wahalar malami, ban da ja. Rubuta tambayar da za ta raba kan rukuni ya fi shirya lakca cin rai. Amma wancan nazarin ya haɗa darussa iri-iri ne, ba ƙididdiga kaɗai ba, kuma intanet ɗin da aka yi shi da ita ba irin ta bakin titi wajen mai shayi ba ce. Sannan hanyar gargajiyar da kake cewa sun yi kunnen doki da ita, ai ita ce ta haifar mana da 384 ɗin Malam. A JAMA ɗin dai, a 2007, an gwada likitoci 277 masu neman ƙwarewa a Amurka kan ƙididdigar da ke cikin mujallun da suke karantawa, matsakaicin makinsu bai wuce kashi 41 da ɗoriya ba. Yin daidai da hanyar da ta ba da wannan ba abin alfahari ba ne.

Bahaɗejiya:
Don Allah Malam, tunda an sake ambatarta, daga ina 384 ɗin take? Ni ma ita ce a furojek ɗina.

Malamin Fostin:
Madalla da mai tambaya. Kin ɗauka ba ki san yawan abin da kike nema ba, sai kika ce rabi da rabi, 0.5 sau 0.5. Kika ce kina son tabbacin kashi 95, shi ne 1.96, kika ninka ta da kanta, sannan kika ninka da na farkon. Kika yarda da kuskuren kashi 5 sama ko ƙasa, 0.05 sau 0.05, kika raba da shi. Abin da zai fito 384 ne da 'yan kai. Amma lissafin ya ɗauka cewa kin zaɓo mutanen ne ɗaya bayan ɗaya ta hanyar ƙuri'a daga jerin sunayen kowa da kowa. Ke kuwa unguwa kika shiga, kika bi gida-gida, a gida ɗaya ma kika tambayi kishiyoyi uku da surukarsu. Mutanen gida ɗaya rijiya ɗaya suke sha, ra'ayin maigida ɗaya suke bi a kan rigakafi, amsarsu za ta yi kama. Shi ya sa ake ninka adadin. Tsohon tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na binciken rigakafi, gungu 30 yara 7 a kowanne, jimla 210, daga nan ya fito: an yarda da kuskuren kashi 10, lissafi ya ba da 96, aka ninka biyu saboda gungu, aka cike.

Bahaɗejiya:
Wallahi yau na fara jin wannan. A handawut lambar kawai aka ba mu.

Ɗan Bichi:
Kuma a waya kika ji shi, ba a rukuni ba. Ina dai tunatarwa.

Anti Nas ta Gwaram:
Dakta ba ka da dama. Amma ai tambaya ta yi aka ba ta amsa, bidiyo ba ya amsa tambaya.

Ni damuwata daban ce, kuma na koyar a makarantar ungozoma kafin in dawo asibiti. Tsarin da Baba ya kawo an gina shi ne inda ɗalibi ke musu da malaminsa ba a ce ya yi rashin kunya ba. Mu nan yarinya za ta san amsa sarai, amma in akwai namiji mai babbar murya a rukunin, ko wanda ya girme ta, sai ta yi shiru ta bar shi ya kai su rami. Na sha gani. Bayan an tashi ta zo ta raɗa mini cewa ita fa ta san ba haka ba ne. In ba a yi wa wannan dabara ba, rukunin zai zama lakcar mutum ɗaya, sai dai malamin ne ya canza. Abin da na ga yana aiki: kar a jefa mace ɗaya tilo cikin maza shida, a sa su biyu ko uku. Kafin a fara gardama kowa ya faɗi abin da ya zaɓa a takardarsa, a zagaya, a fara daga ƙarami. Mai bayani a madadin rukuni kuma malami ne zai nuna shi, ba su za su tura zaƙaƙurinsu kullum ba.

Batun ɗaga amsa lokaci guda kuma ba ya son kuɗi. Kwali huɗu, A, B, C, D, da maka. A Turai da Amurka akwai katin da ake kankarewa kamar na waya, mu kwalin indomi ya ishe mu.

Na Sumaila:
Ranku ya daɗe, in an ba ni dama. Duk shekara ɗalibai suna zuwa wajenmu, su wuce ɗakin rajista ko leƙowa ba sa yi, su tafi cikin gari da takardun tambayoyi. Alhali ƙididdigar tana nan jibge a kan teburina. Rajistar awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ta masu zuwa a duba su su koma gida, ta tamowa inda ake rubuta awon dantse, ƙasa da santimita 11.5 ja. Duk wata sai mun tattara mun cike fom, a shigar a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, a ƙaramar hukuma.

Ga matsala ɗaya da za ku ba su. Akwai watan da lissafin rigakafinmu ke haura kashi 100. Yaya za a yi wa yara fiye da waɗanda ke akwai allura? Dalilin shi ne adadin yaran da ake ba mu mu raba da shi hasashe ne daga ƙidayar 2006, ga kuma matan rugage da na ƙauyukan makwabta da ke zuwa ranar kasuwa. Adadin waɗanda aka yi wa allura daidai ne, adadin da aka raba da shi ne ba daidai ba. Ku zaunar da rukuni shida a gaban wannan shafin, ku ce kowanne ya zaɓa: a yaba wa asibitin, a binciki ma'aikata, ko a sake ƙirga yaran yankin. Za ku ji gardama. Kuma za su ga inda biro ya ƙare aka ci gaba da fensir, da inda aka rubuta shekarun mace "babba". Wannan ba ya cikin bayanan da ake saukewa a intanet, waɗancan an riga an wanke su.

Baba Likita:
Malam, ka riƙe wannan bawan Allah da kyau, ya fi mu abin koyarwa.

Ɗan Bichi:
Na yarda da rajistar. Amma bayan sun gama gardama, wa zai koya musu shigar da ita kwamfuta? Mutum bakwai ba sa koyon danna SPSS a kan laftof ɗaya, ɗaya ne zai riƙe, shida su yi kallo. Wannan ɓangaren dole kowa ya zauna shi kaɗai da bidiyonsa. Kuma ku daina dogara da SPSS ɗin da aka kwafa a kasuwa, Epi Info kyauta ce, jamovi ma kyauta ce. In za su shiga gari tattara bayani, manhajar waya ta KoboCollect tana aiki ba sabis, sai an dawo a tura.

Malamin Fostin:
Wannan na bar maka shi, Dakta, kuma tunda kai ka kawo, kai za ka naɗa mana. Gajeru, kar su wuce minti goma-goma, a sauke kafin mota ta tashi. Zaman rukuni kuma da yamma bayan an sallami marasa lafiya. Abin da ban yanke ba shi ne rabon maki. A tsarin na asali har ɗalibai suna ba junansu maki kan gudummawar kowa.

Bahaɗejiya:
Malam don Allah a cire wannan. Ba wanda zai rage wa ɗan ajinsu maki a cikinmu, shekara shida muna tare, gobe kuma tare za mu nemi hausjob, aikin horon sabbin likitoci. Kowa goma bisa goma zai ba kowa. In kuma aka samu wanda ya rage, to gaba ce har a gama makaranta.

Anti Nas ta Gwaram:
Ta faɗi gaskiya. Sai dai a ce su rubuta abu ɗaya da mutum ya taimaka da shi da abu ɗaya da zai gyara, ba suna, ba maki.

Baba Likita:
A nan ban bi ku ba. In ba maki a kai, rago zai gane a mako na farko. A ba kowa maki ƙayyadadde ya raba wa sauran, a hana shi rabawa daidai wa daida.

Bahaɗejiya:
Baba za mu haɗa baki ne kawai mu yi karɓa-karɓa.

Na Sumaila:
Malam, kafin ku zo a rubuto takarda ta hannun shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ba na fitar da rajista sai da izini. Kuma ba za a ɗauki hoton shafi da waya ba, akwai sunayen matan mutane a ciki. Zan kwafe muku alƙaluman wata shida a wata takarda ba suna. Ku gaya mini na damina kuke so ko na rani.

Malamin Fostin:
Uku na damina, uku na rani, in ba takura.